Hoton Ganye da Jikana Ya Yi Mini

Haihuwa ce ta kai ni Amurka. 'Yata ta fari, wadda har yau bakina bai iya faɗin sunanta ba, ta haifi mace a watan Yuni, aka aiko mini da tikiti, na rufe ɗakina a Kano, na ba maƙwabciya mukulli na taho. Wata shida aka buga mini a fasfo. Gidansu yana Gaithersburg, irin gidajen nan masu hawa uku da suke manne da juna, ƙofa kusa da ƙofa, amma sai ka yi mako ba ka ji ko tarin maƙwabci ba. Ita likitar yara ce, mijinta injiniya, kuma kafin jaririyar suna da ɗa namiji mai shekara bakwai. Abin da zan faɗa tsakanina da shi ya faru.

Yaron yana jin Hausa tsaf, amma in ka yi masa magana da ita sai ya mayar maka da Turanci. Ni kuwa na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyarwa a firamare, ba za a ce Turanci ya fi ƙarfina ba. Sai dai nasa ta hanci yake fitowa, ga sauri, sai na sa ya maimaita sau biyu kafin in kama. Yaro ne mai tsari har abin ya yi yawa. Takalmansa a jere suke, fensiransa kowanne da gurbinsa, in aka ce masa ƙarfe bakwai, to bakwai da minti ɗaya ƙarya aka yi masa. Ban san inda ya kwaso wannan hali ba, amma dai ba a danginmu ba.

Sunan marigayi mijina aka sa masa, don haka ko da wasa ba zan kira shi da shi ba. Tun ranar da na sauka na laƙa masa "maigida", kamar yadda kowace kaka take yi wa jikanta namiji. Haka na tashi na gani. Kakana na wajen uba bai taɓa yi mini magana mai daɗi ba har ya koma ga Allah. Amaryata mai kan ƙwarya yake kirana, in na kai masa fura ya ce ruwan wanki na dama masa, ni kuma in ja gemunsa in ce tsoho mai ran ƙarfe, yaushe za ka tafi mu sha gumba. A duk gidanmu ba wanda nake so kamarsa, kuma ya sani. To da wannan na zo wa jikana. Da safe in ce, "Maigida, yau ma ba ka sayo mini goro ba? Kai wane irin miji ne?" Sai ya tsaya ya dube ni. Daga baya na ji ashe ya je ya tambayi babansa a wane kanti ake sayar da goro. Na yi dariya har da hawaye, ban tsaya na yi tunani a kai ba.

Da watan Oktoba ya shigo sai bishiyoyin unguwar suka fara canja launi. Da farko na zaci ciwo ne ya kama su, har na ce wa 'yata a nemo masu feshi tun kafin abin ya gama da su. Ta ce, "Mama, haka suke yi duk shekara. Za su zubar da ganyen gaba ɗaya kafin sanyi, in ya wuce su sake tohowa." Ba zan ɓoye ba, abin yana da kyau. Ga ja, ga ruwan goro, ga ruwan ƙwai, wani ganyen kamar an tsoma shi a lalle. Amma ni a wurina ganyen da ya faɗo ƙasa sunansa shara, a kowace ƙasa kuwa. Da tsintsiyata na zo tun daga Kano, don burushinsu mai doguwar sanda ba ya shara, shafa ƙasa kawai yake yi. Kullum in na raka yaron ya shiga motar makaranta sai in dawo in share ƙofar gida fes, in tura ganyen a manyan buhunan takarda da suke da su. Kafin azahar kamar ban yi komai ba. Ga wani Bature a gefenmu da yake goya inji a baya yana hura nasa ganyen, kuma na rantse ƙofarmu yake huro shi. In mun haɗu in washe masa baki, in na juya in faɗi abin da zan faɗa da Hausa.

Wata Alhamis na je tarbar yaron a inda motar take sauke su. Ya sauko rungume da wani farin kwali, ya juya fuskar kwalin ciki yadda ba za a gani ba. Na miƙa hannu zan riƙe masa, ya ƙi. Da muka shiga gida ya cire takalma, ya jera su, sannan ya ce in zauna a kujera in rufe ido. Na zauna na rufe. Na ji ya ɗora mini abu a cinya.

Fuska ce ya zana da kalar ƙasa, da manyan idanu cikin tabarau. A kan ya manna jajayen ganye ya yi ɗankwali, daga wuya zuwa ƙasa kuma ganye ruwan ƙwai ne a jere a matsayin zani. A ƙasa ya rubuta KAKA da manyan baƙaƙe. Wannan shi ne iyakar abin da na gani, don bakina ya riga idona.

"Innalillahi!" na ce. "Wannan wace aljana ce? Ni ce da wannan hancin? Haba maigida! Mazan kirki suna sayo wa matansu atamfa, kai sai ka bi titi ka kwaso mini shara? Sharar da nake fama da ita kullum? To ba na so, mayar musu da kayansu."

Ya sa hannu biyu ya ɗauke kwalin daga cinyata, ya juya ya hau bene a hankali. Ni kuma ina dariya na ɗaga murya na bi shi da cewa, "Gobe ka zo da atamfa, in ba haka ba na fasa auren!" Na shiga kicin na ci gaba da tuƙa tuwona. Wallahi raina fari ƙal yake a lokacin. A ganina na biya shi da mafi kyawun abin da nake da shi.

Washegari bai kama hannuna ba da za mu tsallaka titi. Ya ce ina kwana, don babansa ya wajabta masa gaisuwa da Hausa, amma bango yake kallo. A wurin jiran mota akwai wata yarinya da suke aji ɗaya, 'yar gidan da ke kallon namu. Iyayenta mutanen Jos ne, Kiristoci, uwar nas ce, muna gaisawa sosai. Yarinyar akwai surutu, kuma Hausarta ta fi tasa fita, don uwarta ba ta yarda a yi mata Turanci a kicin. Tana ganina ta rugo.

"Kaka, kin ga hotonki? Tica ta ce kowa ya yi wanda ya fi so a gida. Ni mamana na yi. Shi ke ya yi. Kwana uku yana yi, jiya ko wasa bai fita ba, wai sai ya gama ɗankwalin."

Na waiga in dube shi, ya riga ya shiga mota ya zauna a ɗaya ɓangaren. Na koma gida da sauri na hau ɗakinsa, ɗakin da ba na shiga don ba ya son a taɓa masa kaya. Na duba kan tebur, na duba ƙarƙashin gado, babu. Ranar Juma'a ce, ranar da babbar mota take zuwa kwashe takardu da kwalaye, kuma ta wuce tun ina wurin jiran motar makaranta. Daga baya 'yata ta gaya mini da hannunsa ya yaga shi gida huɗu, ya kai shuɗin bokitin da ake zuba takardu.

Bayan magariba ta same ni a kicin, da jaririyar a kafaɗarta.

"Mama, me kika ce masa jiya?"

Na gaya mata yadda muka yi, ban rage komai ba.

"Mama, yaran nan ba su san wasan jika ba. Abin da aka faɗa musu shi suke ɗauka."

Nan zuciyata ta taso, don na san ba ni da gaskiya kuma ba na son a nuna mini. Na ce, "To laifin wa? Ni na haife shi a nan? Kun kai shi koyon ninƙaya, kun kai shi koyon goge, Asabar ƙwallo, Lahadi Islamiyya, amma ba wanda ya koya masa yadda ake zama da kaka?"

Ba ta da halin mayar mini da magana, tun tana ƙarama. Ta gyara wa jaririyar kwanciya, sannan ta ce a hankali, "A wurin wa zai gani, Mama? Ke ce kaka ta farko da ya taɓa zama da ita."

Sai na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.

Tikitin komawata na ƙarshen Nuwamba ne, saura mako biyar ke nan. Shekaruna sittin da takwas, ga gwiwa, ga hawan jini, ba wanda ya yi mini alkawarin za a sake ba ni biza, balle alkawarin rai. In na tafi a haka, abin da yaron nan zai riƙe game da kakarsa ta Kano shi ne wata tsohuwa da ya zaɓa a kan uwarsa da ubansa, ta kalli kyautarsa ta ce shara ce. Na ji tsoron wannan ƙwarai, fiye da yadda na ji tsoron jirgi ranar da na fara hawa.

Na gwada abin da na iya. Na soya masa fanke, na buɗe dambun naman da nake ta ɓoyo tun daga Kano na zuba masa a faranti. Yana ci, ya ce ya gode da Turanci kamar baƙon da ya zo daga nesa, ya kai farantinsa wurin wanki. Na daina ce masa maigida, sai na tarar ba ni da wani sunan da zan kira shi da shi. In ina son magana da shi sai in ce "kai", ko in yi gyaran murya. Kwana goma muka yi a haka, gida ɗaya, tebur ɗaya.

Ranar wata Asabar da hantsi na ɗauki tsintsiya zan fita, sai na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ganyen. Na tuna muna yara a Kano muna yin hula da ɗamara da ganyen mangwaro, mu ɗora wani a kan wani mu soke da tsinken tsintsiya. Rabon da in yi tun ban kai shekara goma ba. Na ajiye tsintsiyar, na ɗauki leda, na zura ƙatuwar rigar sanyin surukina a kan hijabina, na fita ina tsintar ganye a bakin titi. Baturen nan mai inji ya tsaya yana kallona. Ban kula shi ba.

Na zube ganyen a kan teburin cin abinci, na kakkaryo tsinke daga tsintsiyata, na zauna. Ina soka tsinken sai ganyen ya marmashe a hannuna. Na ɗauki wani, shi ma haka. Ashe busassu na kwaso, waɗanda suka kwana biyu a ƙasa. Yarinyar nan 'yar Jos tana gidanmu ranar, don uwarta tana aiki, ta jawo kujera tana taya ni, ita ma ba abin da take yi sai ƙara ɓarna. Shi kuma yana zaune a matakalar bene da littafi a hannu, wai karatu yake. Na lura ya daɗe bai buɗe shafi ba. Ni dai na ci gaba da farfasa ganye, tebur ya cika da garinsa, ban ko ɗaga kai ba.

Yaron nan ba ya iya jure ganin ana yin abu ba daidai ba. Can sai na ji muryarsa daga bene, da Turanci, yana cewa waɗannan sun bushe, sai an samo waɗanda suka faɗo yau, masu lanƙwasuwa.

Na ce, ba tare da na dube shi ba, "Ni baƙuwa ce, ban san inda suke ba."

Sannan na ji ƙarar zif ɗin rigar sanyinsa.

Ya kai mu bayan filin wasan yara, inda wata bishiya take tsaye ja wur daga sama har ƙasa, ganyenta mai yatsu biyar kamar tafin hannu. Kusa da ita akwai wata mai ƙananan ganye ruwan ƙwai, masu siffar mafici. Ya shimfiɗa mana doka: ban da mai huji, ban da mai baƙin ɗigo, kuma dole ya kasance da ƙafarsa, wato ɗan tsinken da yake riƙe shi a reshe. Duk wanda na tsinta sai ya karɓa ya juya shi gaba da baya, yawanci ya yar. Yarinyar ta ruga can nesa tana tsalle a cikin tarin ganye. Gwiwata ta gaji da sunkuyo, na zauna a kan benci, na ce, "Kai, zo nan."

Ya zo ya tsaya nesa kaɗan, yana murza ƙafar wani ganye a yatsunsa. Ban taɓa ba yaro haƙuri ba a rayuwata, ko a aji ko a gida. Da ƙawayena na Kano sun gan ni a ranar, da sun ce Amurka ta taɓa mini kai. Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Turanci don kada a samu kuskure.

"Abin da na faɗa ranar nan, ban kyauta ba. Ka yi haƙuri."

Ya ce ai na ce shara ce.

"Na faɗa. A garinmu kaka tana tsokanar jikan da take so, shi ma ya rama. Wanda ba ta damu da shi ba, ba ta kula shi. Ni wasa nake yi maka, ban san ba ka san wasan ba."

Ya ce me ya sa ake yin haka.

Shekara sittin da takwas ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, ni ma ban taɓa yi wa kaina ba. Na ce, "Ban sani ba. Haka na taras."

Sannan ya ce, to hoton ya yi kyau ne ko bai yi ba?

Da sauƙi in ce ya yi kyau, magana ta ƙare. Amma yaron nan yana gane ƙarya, kuma na riga na yi masa ɓarna ɗaya. Na ce, "Ban tsaya na dube shi sosai ba. Ina sauri in tsokane ka, ban kalla ba. Shi ya fi ci mini rai. Za ka sake yi mini wani?"

Ya girgiza kai. Ya ce wancan ya tafi.

Maganar ta yi mini zafi, amma ba ƙarya ya yi ba. Ya matso ya karɓi ledar hannuna, ya leƙa ciki, ya zare ganye biyu ya yar. Bai dawo mini da ledar ba, shi ya riƙe ta har gida.

Da ɗanyen ganye sai ga shi yatsuna ba su manta ba. A lanƙwasa gindin wannan, a ɗora kan wancan, a soke da tsinke ya shiga ya fita, haka har ya zagayo. Kafin la'asar na gama hula, ja da ruwan ƙwai a tsakani. Ya ce in warware in sake yi a hankali yana gani. Na sake. Ya ƙirga ganye nawa suke zagaye kai, ya auna tsinken da yatsansa ya ce kowanne ya zama tsawo ɗaya, sannan ya yi tasa. Ta fi tawa daidaito, na gani da idona. Yarinyar ta ce ita ba hula take so ba, ɗamara take so da awarwaro, muka yi mata, ta tafi gida da su a jiki tana taku ɗai-ɗai don kada su zube.

Daga ranar kullum in shi da yarinyar sun dawo daga makaranta sai mu fita tsinta, mu dawo mu baje a tebur. Su ma suka koya mini nasu. A sa ganye tsakanin wasu takardu biyu masu santsi da ake naɗe abinci da su, a ɗora ƙyalle, a bi da dutsen guga, sai ganyen ya zauna a ciki da launinsa bai dusashe ba, a rataye a taga rana ta ratso shi. Ko a ɗora farar takarda a kan ganye, a kwantar da kala a goga, sai ka ga jijiyoyinsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Duk shekarun da na yi a aji ban taɓa ganin wannan ba, kuma na ji haushi, don da na sani da na yi da yarana da ganyen darbejiyar da ke bakin ajinmu. Manyan littattafan likitancin 'yata kuwa duk muka cusa musu ganye a ciki don ya miƙe. Gam ya ɓata mini hijabi biyu. Wata rana ta dawo daga asibiti ta tsaya tana kallon teburin, ta ce, "Mama, yau sharar har kan tebur?" Na ce ta wuce ta ba ni wuri, aiki muke yi.

Ya dawo yana kama hannuna in za mu tsallaka titi. Na gode wa Allah da wannan. Amma akwai abin da bai dawo ba, kuma ni kaɗai na san shi. Na zama mai taka-tsantsan da bakina. Duk abin da ya yi sai in ce ya yi kyau, madalla, Allah ya yi albarka, kamar yadda na ji malamarsu tana yi musu. Shi ma duk abin da na yi sai ya ce ya yi kyau, Kaka. Maganar ba ƙarya ba ce, amma salam nake jin ta a bakina kamar tuwo ba miya. Shi ya samu kaka mai ladabi, ni na samu jika mai ladabi, kuma wannan matar mai ladabi ba ni ba ce. Na ce wa kaina ba komai, da babu gara hakan, in tafi lafiya mu rabu lafiya ya isa.

A makon ƙarshe bishiyoyin sun kusa tsiraicewa, sai da muka buɗe littattafan muka fito da ajiyarmu. Bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba ya matso, wanda suke cin talotalo, aka ce a makaranta kowane yaro ya yi talotalo da ganye. A yanka kwali a yi jiki da wuya, a jera ganye a baya a yi jela a buɗe. Suka ce ni ma sai na yi nawa. Muka zauna mu uku, 'yata tana tsaye a wurin wanke-wanke da jaririyar a goye.

Ni almakashi ba ya yi mini biyayya in ba a kan yadi ba. Wuyan nawa ya karkace, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, gam ya yi yawa har jelar ta zame ta koma gefe guda. Na ɗaga shi sama na ce, "To, ku duba."

Yarinyar ta ce, "Ya yi kyau, Kaka."

Ya daɗe yana kallon abin. Ya waiga ya dubi uwarsa, ya dawo ya dube ni, na ga leɓɓansa suna motsi kamar mai haɗa lissafi. Sannan ya buɗe baki da Hausa, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. In ban da gaisuwa, wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mini da harshena.

"Kaka, wannan talotalon, mota ce ta take shi?"

Yana faɗa ya kama bakin tebur da hannu biyu, idanunsa a kaina, tsoro ƙarara a fuskarsa. Ƙarar ruwan famfo ta tsaya a bayana. Daɗi ya cika mini ƙirji har hawaye suka taho, amma na san in na yi kuka ko na rungume shi na ɓata komai, zai zaci laifi ya yi. Sai na haɗiye, na ɗaure fuska tamau, na riƙe haɓa.

"Iye? Ni za ka yi wa rashin kunya a gaban mutane? Kai naka fa? Dubi wuyansa, yunwa ta kusa kashe shi. Ko kyauta aka ba ni ba zan yanka wannan ba."

Ya tsura wa idona ido yana neman wani abu, ya samu. Dariya ta ƙwace masa har ya zamo daga kujera ya faɗi ƙasa, daga can ƙarƙashin tebur yana ihu, "Naki ya fi muni! Naki ya fi muni!" Yarinyar ta rasa abin da ake ciki, ita ma ta kama dariya. 'Yata ta juya mana baya, kafaɗunta suna rawa, ban tambaye ta dariya take yi ko kuka ba.

Na leƙa ƙarƙashin tebur na ce masa ya fito ya share gam ɗin da ya zubar, malalacin miji kawai. Ya ce tsohuwa mai tabarau huɗu ta share da kanta. Ban san inda ya samo huɗun ba, amma na karɓa. Kwana huɗu suka rage mini a ƙasar, kuma ko ɗaya ba mu ɓata wajen ladabi ba.